Fashin baƙi: yadda ake tsara da gina rukunin dogayen benayen ofisoshi

Mai wucewa a titi gilashi yake gani da tsayi. Shi kuwa mai zuba kuɗi a dogon benen ofis, lamba ɗaya ce ke hana shi barci: a kowane hawa, murabba'in mita nawa ne zai rage a ba ɗan haya bayan an cire wurin lif, matakala, bayan gida, bututu da ginshiƙai? Daga wannan lambar zanen yake farawa, tun kafin a san ko ginin zai fito zagaye ko mai kusurwa huɗu. Tsayi ba ya zuwa kyauta. Duk hawan da aka ƙara a sama sai ya ci wani abu daga hawan da ke ƙasa, domin mutanen can sama ta cikin na ƙasa za su bi su wuce, haka ruwansu, haka wutarsu, haka nauyinsu.

Mu ɗauki misali don lissafin ya fito fili. Hawa ne mai mita 45 a kowane gefe, wato murabba'in mita 2,025. A tsakiyarsa akwai abin da za mu kira cibiya: akwatin kankare da ya tashi tun daga tushe har ƙololuwa, wanda aka cusa lif-lif da matakalu da bututu a cikinsa. In cibiyar ta kai mita 20 a kowane gefe, ta cinye murabba'in mita 400, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Abin da ya rage tsakanin bangon cibiya da gilashi mita 12 da rabi ne ta kowace fuska, kuma ba da ka aka zaɓi wannan faɗin ba. In ya gaza mita 10, ba a samun wurin jera tebura da ɗakunan taro yadda kamfani ke so. In ya zarce mita 15, na ciki sun yi nisa da hasken rana, kuma ƙarafan da ke ɗauke da daben sai sun ƙara kauri, tsayin hawa ya ƙaru, gilashi ya ƙaru. Tsayin hawa ɗaya a ofis na zamani yakan kama mita 4 ko ɗan sama da haka, amma ma'aikaci bai ganin fiye da mita 2.7 zuwa 3. Sauran yana ɓoye a saman silin da ƙarƙashin dabe, cike da bututun iska da wayoyi. Santimita 10 da aka rage a kowane hawa, a bene mai hawa 50 ya zama mita 5, wato hawa guda cur da 'yan kai.

Kafin duk wannan akwai dokar birni. Yawancin manyan birane suna ƙayyade jimillar faɗin daben da za a iya ginawa gwargwadon girman filin, kuma suna sa ido kan inuwar da ginin zai jefa wa maƙwabta da hanyar jiragen sama. Dokar New York ta 1916 ce ta tilasta wa gine-gine su riƙa ja da baya yayin da suke tashi sama don haske ya kai titi, shi ya sa tsofaffin benayen birnin suke da siffar matakala.

Lif ne ke yanke girman cibiya

A misalinmu, hawa 50 masu murabba'in mita 1,600 na haya sun ba da 80,000. In aka ba kowane ma'aikaci murabba'in mita 10, mutum 8,000 ke nan, kuma yawancinsu cikin sa'a ɗaya ta safe za su iso. Ma'aunin da injiniyoyin lif ke aiki da shi shi ne a iya kwashe kamar kashi 12 cikin 100 na mutanen ginin cikin minti biyar, kuma tazarar tashin lif da lif kada ta wuce wajen daƙiƙa 30. Kashi 12 na 8,000 mutum 960 ne. Lif mai cin mutum 21 ba ya cika maƙil, mutane ba sa son matsi, don haka a ƙirga 17. Sawu 56 ke nan cikin minti biyar. In kowane lif yana iya zuwa ya dawo sau biyu a wannan lokacin, ana bukatar wajen lif 28, ban da na kaya da na 'yan kwana-kwana. Kowannensu kuma rami ne da ya huda dukkan hawan da yake ratsawa.

Dabarun rage wannan ɓarnar uku ne. Ta farko raba lif rukuni-rukuni: wannan rukunin na hawa 1 zuwa 17, wancan ya wuce su a guje ya fara tsayawa daga 18. Inda rukunin ƙasa ya ƙare, raminsa ya ƙare, wurin ya koma na haya. Ta biyu zauren canji a sama, irin wanda tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York suka yi a hawa na 44 da na 78: babban lif ya kai mutum can kai tsaye, ya sauka ya shiga ƙarami, ta haka rami ɗaya ya ɗauki lif biyu ko uku, wani a bisa wani. Ta uku lif mai hawa biyu da kuma tsarin da mutum ke danna hawan da za shi tun a zaure, kwamfuta ta haɗa masu zuwa wuri ɗaya a lif ɗaya. Kuskuren da ba ya gyaruwa a nan shi ne ƙarancin lif. Ana iya sauya gilashi, ana iya sauya na'urar sanyi, amma ba a ƙara rami a cibiyar da ta bushe.

Iska ta fi nauyi wahala

Ƙaramin gini nauyinsa kawai yake fama da shi. Dogon gini kuwa sanda ce da aka kafa a ƙasa, iska na tura ta daga gefe. Matsin iska yana ƙaruwa ne da ninkin gudunta a kanta: in gudun ya ninka biyu, matsin ya ninka huɗu. Gudun kuma ƙaruwa yake yi yayin da ake yin sama, sannan ga tsawon sandar da ke ba iskar ƙarfin murɗa gindin. Saboda haka daga wani tsayi, ƙarfe da kankaren da ake sawa don hana gini lanƙwasa sun fi waɗanda ake sawa don ɗaukar nauyi cin kuɗi.

Fazlur Rahman Khan, injiniyan da aka haifa a Dhaka ya yi aiki a Shikago, shi ne ya warware wannan ƙullin a shekarun 1960. Ya mayar da fatar ginin gaba ɗaya ta zama kamar bututu mai tauri, maimakon a dogara da ginshiƙan ciki. A benen Shikago mai hawa 100 da aka fi sani da John Hancock Center, manyan ƙarafa masu gicciye suna nan a waje kowa na gani. A Sears Tower mai mita 442, wanda yanzu ake kira Willis Tower, ya ɗaure bututu tara wuri ɗaya kamar damin kara, kowanne ya tsaya a tsayinsa. A yau tsarin da ya fi yawa a benayen ofis shi ne cibiyar kankare mai kauri da wasu manyan hannuwa na ƙarfe ko kankare da ke fitowa daga cikinta su kama ginshiƙan waje. In iska ta tura, ginshiƙan fuskar iska su ja ƙasa, na baya su tokare, faɗin ginin duka ya shiga kokawar. Hannuwan suna cin tsayin hawa ɗaya ko biyu, don haka akan ɓoye su a hawan injuna inda ba a ba kowa haya.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ƙololuwa ta kauce fiye da kashi ɗaya cikin 500 na tsayi a iska mai ƙarfi. A bene mai mita 200, santimita 40 ke nan. Amma ba kaucewar ce ke damun mutanen ciki ba, fizgar ce. Bene mai hawa 50 yakan ɗauki kamar daƙiƙa biyar kafin ya je ya dawo, kuma kunnen ɗan Adam na jin wannan lilon tun ginin bai kusa ko da tsagewa ba. Ruwa ya riƙa kaɗawa a kofi, ƙofa ta riƙa motsi ita kaɗai, wasu su ji jiri. Ginin lafiyarsa ƙalau, ɗan haya kuwa ba zai sabunta yarjejeniya ba.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne mafi munin lilon ba ta inda iska ke turawa yake zuwa ba, ta gefe ne. In iska ta bugi gini mai kusurwa, takan rabu biyu ta riƙa sakin ƙananan guguwoyi a bayansa, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, bi da bi. In saurin sakin ya yi daidai da saurin lilon ginin, kowace guguwa ƙara wa ta baya ƙarfi take yi. Maganin farko a siffa yake: a yanke kusurwoyi, a tsuke ginin yayin da yake tashi, a murɗa shi, ko a bar ƙofofin da iska za ta ratsa. Shanghai Tower mai mita 632 an murɗa shi digiri 120 daga ƙasa zuwa sama, kuma hakan ya rage nauyin iska da kusan kashi 24 cikin 100. Burj Khalifa na Dubai mai mita 828 yana canza faɗi a matakai daban-daban don guguwoyin kada su haɗa baki. Ba a gane wannan da lissafin takarda kaɗai. Sai an ƙera ɗan ƙaramin samfurin ginin, kamar kashi ɗaya cikin 400 na girmansa, tare da duk gine-ginen da ke kewaye, a ɗora a faifai mai juyawa cikin zauren gwajin iska, a busa masa daga kowace kusurwa, ɗaruruwan ƙananan ramuka a jikinsa suna auna matsi.

In siffa ba ta wadatar ba, sai a rataya nauyi a sama. A Taipei 101 ƙwallon ƙarfe ne mai tan 660 a rataye tsakanin hawa na 87 da na 92. An daidaita lilonsa da na ginin, ta yadda in gini ya yi dama shi yakan yi jinkiri ya ja hagu, manyan famfunan mai da ke ƙarƙashinsa su shanye ƙarfin. Wannan nauyin don jin daɗin mutane ne, kuma injiniya mai hankali ba ya jingina tsayuwar ginin a kansa.

Labarin Citicorp Center a New York ya nuna dalili. An kammala shi a 1977, mai hawa 59, kuma saboda wani coci da ke kusurwar filin, manyan ginshiƙansa huɗu a tsakiyar kowane gefe suke, ba a kusurwa ba. A 1978, bayan tambayar da ta fito daga ɗalibar jami'a, injiniyan ginin William LeMessurier ya sake lissafin iskar da ke bugowa ta kusurwa. Ya kuma tarar cewa mahaɗan ƙarafan da aka zana za a yi wa walda, lokacin aiki an sauya su zuwa noti don rage kuɗi, kuma lissafinsa ya nuna ba za su jure babbar guguwa ba, musamman in wuta ta ɗauke nauyin da ke rage lilo ya daina aiki. Dare bayan dare masu walda suka riƙa shiga suna liƙa faranta masu kaurin santimita 5 a kan mahaɗai kusan 200, da safe ma'aikata su dawo ofis. Sauyin da ya jawo wannan duka ƙarami ne a takarda, irin wanda ake amincewa da shi kullum a wurin gini.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Kafin a zana tushe sai an huda ƙasa a wurare da dama, zurfin ya wuce inda ake sa ran turakun za su tsaya, a ciro samfuri, a auna inda ruwan ƙasa yake. Inda dutse ke kusa, kamar yawancin Manhattan, ginshiƙai kan zauna a kansa kai tsaye. Inda babu, sai turakun kankare: a haƙa rami mai faɗin mita ɗaya zuwa biyu, a cika shi da ruwan wata laka mai suna bentonayit don kada bangon ramin ya rufta, a zura kejin rodi, sannan a zuba kankare ta dogon bututu daga can ƙasa yana turo lakar sama. Dole bakin bututun ya kasance nutse cikin ɗanyen kankaren har a gama. In aka yi gaggawar zare shi, laka ta shiga tsakani, turken ya tsuke ya yi rauni a wurin da ido ba zai taɓa gani ba. Shi ya sa ake binne siraran bututu a jikin kejin, daga baya a aika sauti tsakaninsu a gano ko akwai rami, kuma a gwada wasu turakun da nauyin da ya zarce wanda za su ɗauka.

Turke iri biyu ne: mai taka dutse da ƙafarsa, da mai riƙe ƙasa da jikinsa. Na Burj Khalifa irin na biyu ne, sama da 190, kowanne faɗin mita ɗaya da rabi, zurfin wajen mita 50, da katifar kankare mai kaurin mita 3.7 a kansu. A tagwayen benayen Petronas na Kuala Lumpur binciken ƙasa ya nuna rabin filin yana kan dutsen farar ƙasa mai koguna, sai aka matsar da wurin da za a yi ginin gaba ɗaya kamar mita 60, aka kafa turakun da wasunsu suka zarce mita 100. Dogaro da riƙon ƙasa ba laifi ba ne in an san ƙasar. Millennium Tower na San Francisco, wanda turakunsa ba su kai dutse ba, ya nutse kusan santimita 40 cikin shekaru bakwai da kammala shi a 2009, ya kuma karkata, har sai da aka kafa masa sababbin turaku zuwa dutse.

Zuba katifar kanta aiki ne na kwana da yini. Mita 50 sau 50 da kaurin mita 3 ya ba da kubik mita 7,500. Motar kankare mai ɗaukar kubik 8 sai ta yi sawu sama da 900, kuma ba a son tsayawa, domin in wani sashe ya fara ƙanƙara kafin na gaba ya iso, an samu tsaga a tsakiya. Sai kuma zafi. Siminti yana fitar da zafi yayin da yake kamawa, kuma a kauri irin wannan zafin ba ya samun mafita. Ana ƙoƙarin kada cikin ya wuce digiri 70, kuma kada bambancin ciki da fata ya wuce digiri 20, in ba haka ba fatar ta huce ta tsuke, cikin yana kumbure, ta tsattsage. Don haka ake maye wani kaso na siminti da tokar kwal ko dattin narka ƙarfe, a sa ƙanƙara a ruwan kwaɓi, a binne ma'aunan zafi, sannan a lulluɓe saman da bargo. Wanda bai sani ba zai ce a yaye bargon ya sha iska, alhali hakan ne zai fasa shi.

A rukunin benaye akwai ƙarin matsala. Dogayen benaye biyu ko uku sukan tsaya a kan faffaɗan gindi guda mai hawa kaɗan, inda shaguna da wurin ajiye motoci da tashar jirgin ƙasa suke. Dogon bene yana danne ƙasa ya nutse santimita da dama, gindin mai sauƙi ba ya bin sa. In an haɗa su tun farko, daben da ke tsakani zai karye. Abin da ake yi shi ne a bar zirin da ba a zuba kankare ba, faɗin kamar mita ɗaya, rodi na leƙowa ta gefe biyu, har sai dogon ya kusa kai ƙololuwa ya gama yawancin nutsewarsa, sannan a cike. Gindin mai sauƙi ma yana da tasa damuwar: in ya yi zurfi cikin ruwan ƙasa, ruwan na ɗaga shi kamar kwalekwale, sai an ɗaure shi da turaku masu ja ƙasa. Gadar da ta haɗa tagwayen Petronas a hawa na 41 da 42 ita ma ba a ɗaure ta tamau ba, an bar ta tana zamewa a bakinta, tunda kowane bene lilonsa daban. A Hudson Yards na New York kuwa filin ma ƙera shi aka yi: dandamali ne a kan layukan jiragen ƙasa da ke aiki, ginshiƙansa suna sauka a 'yan tsakankanin layukan, wato tsarin layin dogo ne ya faɗa wa benayen inda za su taka.

Tashi sama

Cibiya ce ke yin gaba. Mazubinta yana hawa da kansa da ƙarfin famfon mai, hawa ɗaya cikin kwana uku zuwa biyar. Hawa da yawa a bayanta masu ɗaura ƙarfe na biye, bayansu masu shimfiɗa kwanon dabe da zuba kankare, sai masu fesa rigar wuta, sai masu gilashi, sai masu bututu da waya, can ƙasa kuma har an fara fenti. In ka kalli ginin daga nesa za ka ga sana'o'i shida ko bakwai a jere a tsaye, kowace na taka sawun ta gabanta. In ɗaya ta tsaya, duk na bayanta sun tsaya. Abin da kowa ke faɗa a kansa shi ne lokacin ƙugiyar ɗaga kaya da lif ɗin ma'aikata, kuma ƙugiya ba ta aiki in iska ta yi ƙarfi, ko da a ƙasa ganye bai motsa ba. Kankare da famfo ake tura shi, a Burj Khalifa har sama da mita 600, kuma sai an haɗa kwaɓin da zai yi santsi a bututu ba tare da tsakuwa ta rabu da ruwa ba.

Gini yana gajarcewa yayin da ake gina shi. Kowane hawa da aka ɗora yana matse ginshiƙan ƙasa. Ƙarfe ya matsu sau ɗaya ya tsaya, kankare kuwa yana ci gaba da motsewa shekara da shekaru, saboda bushewa da kuma daɗewa a ƙarƙashin nauyi. A dogon bene jimillar na iya kai santimita 10 ko fiye. Da a ce komai tare yake sauka da ba matsala. Amma ginshiƙin waje siriri ne mai ɗauke da kaya da yawa, cibiya kuwa kauri gare ta, don haka ba sa sauka daidai, daben ya karkata. Maganin shi ne a lissafa tun farko a gina ginshiƙan da ɗan ƙarin tsayi, milimita kaɗan kowane hawa, masu safiyo suna aunawa suna gyara lissafin. Manyan hannuwan nan da ke haɗa cibiya da ginshiƙai kuwa akan bar mahaɗinsu a kwance har kusan ƙarshen aiki, in ba haka ba su ne za su ɗauki wannan bambancin a matsayin nauyin da ba a zana su dominsa ba. Bututun ruwa da layin da lif ke bi su ma sai an bar musu wurin numfashi.

Rigar gilashi

Bangon waje ba ya ɗaukar komai sai kansa da iska. A masana'anta ake haɗa shi falle-falle, kowanne faɗin kamar mita ɗaya da rabi, tsayin hawa guda, a kawo a rataya a bakin dabe. Kowane falle yana shiga cikin na kusa da shi, namiji da mace, da roba a tsakani, ta yadda zai iya zamewa. Dalilin zamewar a fili yake: sandar alminiyom mai mita 4, in zafinta ya sauya da digiri 50 tsakanin tsakar rana da tsakar dare, tana ƙaruwa da kusan milimita 5. A haɗa da lanƙwasar dabe in mutane da kaya sun hau, da lilon iska, da gajarcewar ginshiƙi. In mahaɗin bai isa ya shanye waɗannan duka ba, nauyi ya sauka a kan gilashi. Ga kuma rikicin sana'a biyu: mai kankare in ya kauce da santimita 2 yana ganin ya yi aiki mai kyau, mai alminiyom kuwa da milimita 2 yake magana. Maratayin da ke tsakaninsu dole ya iya matsawa sama da ƙasa, ciki da waje, dama da hagu.

Kafin a fara ƙerawa da yawa, akan gina samfuri mai hawa biyu a filin gwaji, a fesa masa ruwa, a kunna farfelar jirgin sama a gabansa, a tura shi gefe da jak, a sake fesawa. Yawancin yoyon da ake kamawa a mahaɗar falle huɗu yake. John Hancock Tower na Boston shi ne darasin da kowa ke tunawa: a farkon shekarun 1970 gilasansa suka riƙa faɗowa titi, aka toshe ramukan da katako, daga ƙarshe aka sauya dukkan falle 10,344. A Landan kuma, benen 20 Fenchurch Street mai fuska a lotse ya tattara hasken rana kamar madubi a 2013 har ya narkar da sassan wata mota a titi, sai da aka sa masa inuwa. Iskar da dogon bango ke karkatowa ƙasa ita ma takan hana mutane tafiya a gindin gini, don haka ake gwada filin da ke tsakanin benaye a zauren iska, a sa rumfuna da itatuwa inda ya dace.

Ruwa, iska da wuta

Kowace mita 10 ta tsayi tana ƙara wa ruwa matsin "bar" ɗaya, a ma'aunin da ake auna matsi da shi. A gindin bututu mai mita 200 matsin ya kai bar 20, alhali famfon wanke hannu bai son fiye da 4 ko 5. Saboda haka ake yanka ginin shiyya-shiyya, da tankuna da famfuna da na'urorin rage matsi a hawan injuna, kowane hawa 15 zuwa 20 ko makamancin haka. Iskar cikin ginin ita ma tana da halinta. In waje ya fi ciki sanyi sosai, ramukan lif sukan zama kamar bututun hayaƙi, iska ta kutso ta ƙasa ta fice ta sama, ƙofofin lif su ƙi rufuwa, a riƙa jin fito a matakala. Ƙofa mai juyawa a zaure ba ado ba ce, toshe wannan jan take yi.

Tsanin 'yan kwana-kwana ba ya wuce hawa goma ko kusa da haka, don haka dogon bene daga ciki ake kashe gobararsa. Ƙarfe ba ya ci da wuta, amma a wajen digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, shi ya sa ake fesa masa rigar da za ta ba shi sa'a biyu zuwa uku. Matakalar tsira aƙalla biyu ce, nesa da juna, kuma ana hura musu iska don matsinsu ya ɗan fi na hawan, hayaƙi ya kasa shiga. In matsin ya yi yawa kuma, mai gudun tsira ba zai iya tura ƙofar ba. Tsakanin bakin dabe da gilashi akwai 'yar tazara da ta zagaye kowane hawa, wadda dole a cusa mata ulun dutse a shafe samanta. A gobarar First Interstate Bank a Los Angeles a 1988, irin wannan tazarar da tagogin da suka fashe suna cikin hanyoyin da wuta ta bi ta hau daga hawa na 12 zuwa na 16.

Matakin ƙarshe kafin a miƙa makulli shi ne gwada kowace na'ura ita kaɗai, sannan a gwada su tare: a yanke wutar ginin da gangan a ga ko janareta zai tashi cikin daƙiƙun da aka ƙayyade, ko lif-lif za su sauko su buɗe, ko fankokin matakala za su kunnu, ko ruwa zai fito da matsin da aka rubuta a bakin kowane bututun kashe gobara. Wannan matakin ne ake yawan matsewa in aiki ya makara, tunda shi ne a ƙarshen jadawali. A watan Fabrairun 1991 wuta ta tashi a hawa na 22 na One Meridian Plaza, benen ofis mai hawa 38 a Philadelphia. Wutar lantarki ta ɗauke, janareta bai ɗauka ba, kuma na'urorin rage matsi da ke bakin bututun kashe gobara an saita su ƙasa da yadda ya kamata, ruwan da ke fita daga tiyo bai da ƙarfi. 'Yan kwana-kwana uku suka rasu, aka janye sauran daga ginin. Wutar ta ci gaba da hawa har ta kai hawa na 30, inda wani ɗan haya ya sa kawunan yayyafa ruwa masu buɗewa da kansu in zafin wuta ya kai su a silin. Guda goma ne suka buɗe, a nan ta tsaya.